Tsayin Sirdin Keken Tsere

Matasa da yawa masu atisaye a hanyar Bauchi zuwa Dass suna sauke sirdi har tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, wai ya fi aminci. Wannan kuskure ne, shi ke jawo ciwon gaban gwiwa.

Ƙwararru aunawa suke yi. Tsaya ba takalmi, auna daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883. Mai santimita 82 zai samu tsayin sirdi kusan santimita 72.4, daga tsakiyar ƙarfen da ya haɗa hannayen feda biyu a jikin keke zuwa saman sirdi. In feda na ƙasa, ya kamata gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In kwankwaso na karkata dama da hagu, ko bayan gwiwa na ciwo, sirdin ya yi sama. Rage milimita 3 ka sake gwadawa.