Kafin ka yarda da lambar, tambayi kwalbar

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau dai bari in fitar da ita. Duk lokacin da aka kai ruwa ko ƙasa ko jini ɗakin gwaje-gwaje, aka dawo da takarda cike da lambobi, sai ka ga kowa ya sallama. Na'ura ta faɗa, magana ta ƙare. Ni kuwa da na yi shekaru ina aikin auna ɓurɓushin sinadarai, ba na fara tambaya da na'ura. Wa ya ɗebo samfurin? A cikin me ya zuba shi? Ya wanke hannunsa? Kwana nawa kwalbar ta yi a hanya? Idan ba a amsa mini waɗannan ba, lambar da ke kan takarda ba ta gaya mini komai ba tukuna.

Sai mutum ya san ƙanƙantar abin da ake nema kafin ya gane dalilina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik, wani sinadari mai guba, a ruwan sha a kan maikurogiram 10 cikin kowace lita, haka ma dalma. Maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Babban wurin ninƙaya irin na gasar Olamfik yana cin lita miliyan biyu da rabi, kuma giram 25 na asenik kacal ya isa ya kai ruwan nan gaba ɗaya bakin iyakar. Abin da bai cika tafin hannu ba ke nan. To wanda ke farautar abu mai wannan ƙanƙanta, ƙurar da ta faɗo daga silin ta ishe shi ɓata aiki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a wannan sana'a kullum da hakin ake fama.

Wanda ya koya wa duniya wannan darasi shi ne Clair Patterson, masanin sinadarai ɗan Amurka. Yana ɗalibi a Jami'ar Chicago aka ba shi aikin auna dalmar da ke cikin duwatsu, domin yuraniyom yana rikiɗewa ya zama dalma a kan ƙa'idar lokaci da aka sani, wanda ya auna su daidai zai san shekarun dutse. Sai ya riƙa samun dalma fiye da yadda hankali zai ɗauka. Bai ɗora laifin a kan na'ura ba, ya juya ya binciki ɗakin da kansa. Ashe dalma tana cikin ruwan famfo, tana cikin asid ɗin da yake aiki da shi, tana jikin gilashi, da fenti, da ƙura, da tufafinsa. Da ya koma jami'ar Caltech sai ya gina ɗaki na musamman mai tace iska, ya riƙa tace asid ɗinsa da hannunsa, yana wanke kowane kwano kamar rayuwarsa ta rataya a kai. Bayan wannan wahala ce ya auna dalmar dutsen da ya faɗo daga sama a Canyon Diablo, a 1956 ya bayyana cewa shekarun duniya biliyan 4.55 ne. Har yau wannan lamba ba ta gusa sosai ba.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne bai watsar da dattin da ya dame shi ba, ya tsaya ya tambayi daga ina yake zuwa. Ya auna ruwan teku na sama da na can ƙasa, ya je ya haƙo ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika, ya nuna cewa dalmar da ke yawo a iska ta ƙaru ƙwarai tun da aka fara zuba ta a man fetur a 1923. Ya sha adawa a kan haka, amma lambobinsa sun tsaya, saboda kwalabensa tsarkakakku ne. Sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci. Kuma aikinsa ya tona cewa yawancin lambobin dalmar ruwan teku da aka wallafa kafin lokacin sun yi sama da gaskiya nesa ba kusa ba. Masana ne suka auna su, da na'urori masu kyau, amma dattin jirginsu da na kwalabensu suka auna.

Na'urorin yau sun fi na zamaninsa ido. Wadda ake kira ICP-MS tana fesa samfur cikin harshen iskar agon mai zafin dubban digiri, ta wargaza shi, sannan ta ƙirga ƙwayoyin zarra gwargwadon nauyinsu. Amma ita ma tana da makanta. Nauyin asenik 75 ne. Agon 40 ne, wani nau'in kulorin kuma 35, idan suka haɗu suka manne sai su ba da 75 cif. Ke nan ruwa mai gishiri yana iya nuna asenik ɗin da babu shi, in mai aikin bai san da wannan tarko ya yi maganinsa ba. Na'urar ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta ƙirga.

A dutse ma haka ne. Kafin a auna sai an niƙa shi ya zama gari, kuma abin niƙan yana barin nasa a ciki: na tongistin kabaid yana ƙara tongistin da kobalt, na ƙarfe yana ƙara ƙarfe da kuromiyom. Sannan a narkar da garin da asid, wani lokaci har da haidurofulorik mai cin gilashi, amma ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira zakon masu taurin kai sukan ƙi narkewa, su zauna a gindin kwano da sinadaran da ake nema. A jini kuwa, murfin roba na kwalba yana iya zubar da zink, allurar ƙarfe tana iya ƙara kuromiyom da nikel, shi ya sa ake da kwalabe na musamman don wannan gwaji. Yaron da aka soki yatsarsa don gwajin dalma ba tare da an wanke shi sosai ba, ƙurar da ke fatarsa za ta shiga lissafi, dole a sake ɗiba daga jijiya kafin a tayar wa uwa hankali. Ruwan famfo kuma, wanda ya kwana a cikin bututu daban yake da wanda aka tara bayan an bar famfon ya zuba na mintuna. Wanda ya zubar da na farko ya ɗebi na biyu zai samu takarda mai kwantar da hankali, alhali na farkon ne yara ke sha da safe.

Nan ne abin yake taɓa mini zuciya, domin kuskure a wannan aiki rayuka yake ci. A Bangladesh, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan tafki mai kawo kwalara. Niyya mai kyau, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Ba a gwada asenik ba, sai a 1993 aka tabbatar yana ciki, bayan miliyoyin mutane sun yi shekaru suna sha. Da aka zo gwaji sai aka tarar rijiyoyi biyu da ke kusa da juna suna iya bambanta ƙwarai, wannan lafiya lau, waccan guba. Dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a shafa mata koren fenti, mai guba ja. A Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, haka masu aikin suka bi gida gida da ƙaramar na'urar XRF ta hannu suna auna dalmar da ke ƙasar tsakar gida, don su san wadda za a kankare. Samfur ɗaya daga bakin gari ba zai taɓa nuna wannan ba.

Akwai kuma kalmar da nake so kowa ya yi hattara da ita: "ba a gano ba." Ba ta nufin babu. Tana nufin abin bai kai inda idon wannan hanyar gwaji yake gani ba. Idan hanyar ba ta ganin abin da ya gaza 50, iyakar lafiya kuwa 10 ce, to takardar ba ta wanke ruwan ba. Haka kuma jimillar sinadari ba ita ce dukan labari ba. Yawancin asenik ɗin da ke cikin kifin teku nau'i ne da jiki ke fitarwa ba tare da illa sosai ba, na rijiya kuwa shi ne mai jawo sankara. A Minamata ta Japan, inda aka gane cutar a 1956, zaibar da ta lalata ƙwaƙwalwar mutane nau'in metil ce, mai taruwa a jikin kifi.

Na taɓa yin kwana uku ina murna da wani sakamako, na zaci na gano zink mai yawa a wasu samfuran ruwa. Sai na duba kwalbar shaida, wato wadda ake cika wa tsarkakakken ruwa a bi da ita duk matakan da sauran suka bi, a wurin aiki muna ce mata bilank. Ita ma cike take da zink. Daga safar hannun da muka canza ya fito. Da ban saka wannan kwalba ba, da na sa hannu a kan takardar da za ta sa a rufe rijiyar da ba ta da laifi. Tun daga ranar ba na sakin sakamako sai na ga bilank, na ga samfur ɗaya da aka auna sau biyu, na kuma ga samfurin ma'auni wanda an riga an san abin da ke cikinsa. Na san wannan yana cin lokaci da kuɗi, na kuma san sau da yawa shi ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙaranci, a bar na'ura mai tsada tana aiki a kan kwalaben da ba wanda ya wanke. Ban yarda da wannan tsari ba. Idan za a rage, a rage yawan samfuran, a bar mini kwalbar shaidata.