Garin gyaran gira: a daina tsone idon tsofaffin wasannin intanet da sunan zamanantarwa

Tun watan Yunin 2025 da kamfanin Blizzard ya saka wa World of Warcraft, tsohon wasansa na intanet da jama'a ke bugawa tare, maɓalli guda da zai riƙa zaɓar wa mutum saran da zai kai, jikina ya ba ni akwai abin da ke tafe. Ba a jima ba kuwa ya fito fili. An sanar cewa a sabon babin wasan mai suna Midnight za a toshe wa ƙananan manhajojin taimako, waɗanda 'yan wasa da kansu suka ƙirƙira, hanyar karanta abin da ke gudana a tsakiyar faɗa, sannan a rage dabarun da kowane nau'in jarumi yake da su. Masu kula da WeakAuras, manhajar da mutane suka shafe shekaru suna tsara fuskar wasansu da ita, suka ce ba za su fitar da ita don sabon babin ba.

Daraktan wasan, Ion Hazzikostas, yana da hujjarsa. A ganinsa abin ya koma tsere: manhajojin suna warware wa mutane wahalar dodanni, masu tsara wasan kuma sai su ƙara rikitar da dodannin, har ta kai wanda bai saka manhaja ba ba shi da wurin zama a cikin tawaga. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tafin da ya biyo baya daga wani ɓangare, masu cewa ai wannan somin taɓi ne, tunda an fara sai a ƙarasa. A cire tsarin kulle abokin gaba da maɓallin Tab gaba ɗaya, wato tsarin da za ka zaɓi abokin gaba sai saranka ya riƙa samun sa ba sai ka auna ba, a maye gurbinsa da faɗan saiti da hannu, ka auna da kanka, ka kauce da kanka, ka yi tsalle ka mirgina kamar yadda ake yi a wasannin yau. Wai tsohon tsarin ya tsufa, wai sabo ne kawai turken wawa da ya ɗaure mu.

Wannan magana na daɗe ina jin ta, kuma duk lokacin da wani kamfani ya saurare ta, 'yan wasa ne suka biya kuɗin.

A tuna da Star Wars Galaxies. Ya fito a 2003 da wani tsari da har yau ba a sake ganin irinsa ba: sana'o'i sama da 30, mutum na iya zama makaɗi, ko likita, ko maƙerin makamai, ya rayu a wasan ba tare da ya zama gwanin harbi ba. A watan Afrilun 2005 aka sauya tsarin faɗansa. Kafin mutane su gama sabawa, a watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake kawo wani sauyin da aka kira New Game Enhancements, aka matse sana'o'in suka koma 9, aka mai da faɗan na saiti da dannawa, matsayin Jedi kuwa, jarumin nan mai takobin haske na finafinan Star Wars, da mutane ke shafe watanni suna fafutukar samu ya zama abin da sabon shiga zai zaɓa a ranar farko. Duk wannan ya zo ne 'yan makonni bayan an sayar wa mutane sabon babi, har sai da kamfanin Sony ya buɗe ƙofar mayar da kuɗi. Tsofaffin 'yan wasa suka watse. Sababbin da aka yi dominsu ba su zo da yawan da aka yi zato ba. Wasan ya ci gaba da jan ƙafa har aka rufe shi a Disambar 2011. Har gobe akwai masu sa kai da ke riƙe da kwafin wasan na kafin sauyin, suna tafiyar da shi da aljihunsu.

In wannan ya yi nisa, ga RuneScape. Ranar 20 ga Nuwamban 2012 kamfanin Jagex na Ingila ya fito da Evolution of Combat. Wasan da tun 2001 aka san shi da danna dodo ka jira, ka lura da jininka da addu'o'in kariya, sai aka wayi gari an jera masa sandar dabaru a ƙasan allo. Cikin watanni uku kamfanin ya koma yana tambayar jama'a ko suna son a dawo musu da tsohon wasan. Kusan mutum 450,000 suka kaɗa ƙuri'a, aka tono wani ajiyayyen kwafi na watan Agustan 2007, a Fabrairun 2013 aka buɗe Old School RuneScape. A 2014 kuma dole ta sa aka ƙara wa sabon wasan zaɓin komawa tsohon salon faɗa. Yau wanne ne ya fi jama'a? Tsohon, kuma da tazara mai yawa. A 2025 masu buga shi a lokaci guda sun haura 200,000, wasan da zanensa ko wayar hannu mai araha ba ya wahalarwa.

Ga abin da masu kiran zamanantarwa ba sa son a tsaya a kai. A 2005 da 2012, me ake nufi da "zamani"? Ana nufin a yi kama da World of Warcraft, domin a lokacin shi ne ke tashe. Wasanni biyu suka yi watsi da kamanninsu don su bi sawunsa. Yanzu kuma shi ɗin ne ake ce wa ya tsufa, ya je ya yi kama da wasu. Bayan shekara 10 wani salon zai fito, a ce faɗan saiti da hannun ma ya zama tsohon yayi. Wanda duk ya ɗaura wa wasansa wannan igiya ba zai taɓa hutawa ba, kuma a kowane zagaye sai ya zubar da wasu daga cikin mutanensa.

To su wasannin da aka gina tun daga tushe a kan faɗan zamanin fa, ina suke? TERA, wanda aka yi ta yi wa kirari da cewa shi ne ya kawo faɗa na gaskiya, an rufe shi a kwamfuta a watan Yunin 2022. WildStar ya fito a 2014 da jajayen alamomi a ƙasa da sai ka kauce musu, bai wuce Nuwamban 2018 ba. New World na Amazon ya buɗe a Satumban 2021, sama da mutum 900,000 suka cika shi lokaci guda a dandalin wasannin kwamfuta na Steam, amma a Oktoban 2025 kamfanin ya sanar cewa ya daina yi masa sabbin abubuwa. Ban ce salon faɗan ne ya kashe su ba. Na ce bai cece su ba, alhali an sha gaya mana shi ne maganin komai. Za a ce ai Black Desert yana nan da ransa. Yana nan, amma da haka aka haife shi, ba a tsakar dare aka sauya wa mutanensa shi ba.

Akwai masu kawo Final Fantasy XIV a matsayin shaidar cewa ana iya rushe wasa a sake gina shi. Su je su duba abin da daraktansa Naoki Yoshida ya gina a 2013. Kulle abokin gaba ne da maɓalli, tsarin nan dai da suke raina wa, kuma tazarar da ke tsakanin manyan sara biyu daƙiƙa 2.5 ce, ta fi ta World of Warcraft mai daƙiƙa 1.5 tsawo. Da wannan jinkirin wasan ya farfaɗo.

Wannan tazara ita ce zuciyar maganata, kuma ita ce waɗanda ba su zauna a cikin wasannin nan ba suke ɗauka aibi ce. Daƙiƙa ɗaya da rabin nan ba lokacin zaman banza ba ne. A cikinta ne mai warkarwa yake ɗaga ido ya duba jinin mutum 19 da ke tare da shi ya yanke shawarar wa zai fara ceta. A cikinta ne mai tare duka yake juya dodon don kada wutar bakinsa ta cinye tawaga. A cikinta ne jagora yake magana, ake jin sa. Tsarin kullewa ya ɗauke wa hannu nauyin saiti ne don ya ɗora wa kai nauyin tunani: wa zan bugi, da me, yaushe, a ina zan tsaya. Ban taɓa jin wanda ya ce dara ta tsufa don ba a buƙatar saurin yatsa wajen cin ta ba. Ko RuneScape da ake wa kallon wasan danna-ka-jira, duk abin da ke cikinsa yana tafiya ne a kan bugu na daƙiƙa 0.6, kuma gwanayensa sun koyi ƙirga wannan bugun kamar makaɗi, suna kunna addu'ar kariya suna kashewa a kan ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa gwada Inferno, ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafi wuya a Old School RuneScape, ya san babu abin raini a wurin.

Sannan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, wadda masu tsara wasa a Kaliforniya ba lallai ta zo musu a rai ba. Manyan wasannin nan ba su da saba, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan, a Afirka ta Yamma. Wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi, sabar Turai yake shiga, saƙonsa sai ya gangara teku ya haura arewa ya dawo. Ni a rana mai kyau jinkirin da nake gani ya haura milisakan 100, in layi ya yi nauyi da yamma kuwa sai ya ninka. A tsarin kullewa wannan ba ya hana ni zama mai amfani ga tawagata. World of Warcraft ma yana barin ka danna dabara ta gaba milisakan 400 kafin lokacinta, ya ajiye maka ita a layi. Amma a wasan da rayuwarka ta rataya a kan mirginawa a daidai ƙiftawar ido, kafin allona ya nuna mini takobin ya taso, a wurin sabar ya riga ya sauka. Na gwada, na sani. Ba rashin iyawa ba ne, nisa ne. Duk mai cewa a mayar da waɗannan wasanni na saiti da hannu, ko ya sani ko bai sani ba, cewa yake a rufe ƙofa ga wanda ke nesa, da wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, da wanda ya fara wasan yana saurayi a 2004 yanzu yana da iyali, yatsunsa kuma ba kamar da ba.

Kullum hujjar ita ce matasa, wai ba za su zo ba sai an sa musu sauri. Matasan nan suna da Fortnite, suna da wasannin harbi iri-iri a wayoyinsu, kyauta. Wane dalili zai sa su bar waɗannan su zo su biya kuɗin wata-wata don buga kwaikwayonsu a cikin wasa mai shekara sama da 20? Wanda zai zo, zai zo ne don abin da babu a can. Blizzard da kansa ya ga haka a Agustan 2019 lokacin da ya buɗe Classic, wato World of Warcraft na asali na 2004 da duk jinkirinsa, mutane suka yi ta jiran layi na sa'o'i kafin su samu shiga. Kamfanin da ya ga wannan da idonsa bai kamata a ce yana buƙatar tunatarwa ba.

Shi ya sa maɓalli gudan nan ma bai kwanta mini ba. Ga mai larurar hannu alheri ne, kuma ina murna da ya same shi. Amma idan kamfani ya shafe shekaru yana tara wa jarumi dabaru da alamomi har suka fi ƙarfin idon mutum, sannan ya ce ga maɓallin da zai buga maka, bai gyara ɓarnar ba, ya lulluɓe ta ne. Yanzu kuma ya juyo ya kwashe kayan aikin da jama'a suka ƙera da hannunsu don jure wa wannan ɓarnar, ya ce a jira nasa. Kurame da masu raunin gani da suka dogara da waɗannan manhajoji wajen mayar da sauti rubutu ko ƙara girman alama, su ne za su fara jin jiki in na kamfanin bai kai ba.

Ba na cewa kada a taɓa komai. Maɓallin Tab kansa yana da haushi, sau nawa ya tsallake dodon da ke gabana ya kamo wani can baya da ba ruwansa, ya jawo mana halaka. A gyara wannan. A gyara yadda ake ganin alamomi a ƙasa. Wanda yake son saiti da hannu a ba shi a matsayin zaɓi, kamar yadda Guild Wars 2 ya yi a 2015 ba tare da ya ƙwace wa kowa nasa ba. Kafin a taɓa ginshiƙi kuma a tambayi masu gidan. Old School RuneScape ba ya saka sabon babban abu sai kashi 70 cikin 100 na masu ƙuri'a sun amince, kuma da wannan tsarin ne a Nuwamban 2025 ya ƙara sabuwar sana'ar tuƙin jirgin ruwa, ta farko tun buɗe shi, ba tare da ya kori kowa ba. Blizzard ya fi Jagex kuɗi da ma'aikata nesa ba kusa ba. Bai tambayi kowa da ƙuri'a ba kafin ya yanke hukuncin Midnight, kuma ban ga alamar zai tambaya ba ranar da masu tafin nan suka shawo kansa a kan maɓallin Tab.