Ana ta yabon uba, an manta da goɗiya

Duk sanda aka ɗauko zancen Secretariat, jan dokin nan na Amurka, sai ka ji an ce ai ɗan Bold Ruler ne, shi ke nan an rufe magana. Ni dai abin yana min ciwo.

Ban ƙi ba, Bold Ruler ingarma ne na gaske. Amma a wancan lokacin masu harkar sukuwa sun san 'ya'yansa da wuta a farkon gudu, in tafiya ta yi nisa kuma numfashi ya gaza. To ina Secretariat ya samo jimirin da ya nuna a tseren Belmont na 1973? Mil ɗaya da rabi a minti 2 da daƙiƙa 24, kuma har yau ba dokin da ya kamo wannan lokacin a wurin. Ya ba na biyu ratar tsayin doki 31. Ku nemi hoton ku gani: mahayinsa Ron Turcotte ya waiga, sauran dawakan suna can baya kamar ba tare aka taso ba.

Amsar, a ganina, tana wajen uwarsa Somethingroyal, 'yar Princequillo, wanda aka san jininsa da juriya a dogon zango. Abin mamaki ma, Sham, dokin da ya fi matsa wa Secretariat lamba a tseren Kentucky Derby, shi ma uwarsa 'yar Princequillo ce.

Na san wani zai ce to ai 'yar'uwar Secretariat, The Bride, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓuka komai a fili ba. Gaskiya ne, na karɓa. Ita ce ma Ogden Phipps, wanda gidansu ke da Bold Ruler, ya ɗauka da ya ci ƙuri'ar jefa kwabo ta raba 'ya'yan ingarman, Penny Chenery, wadda gidansu ke da Somethingroyal, da ta faɗi aka bar mata cikin goɗiyar da ba a haifa ba, wanda a 1970 ya zama Secretariat.

Amma ku duba bayan ya daina gudu, da nasara 16 cikin tsere 21. An yi ta ƙorafin bai haifi namiji kamarsa ba. Ashe ta 'ya'ya mata jinin ya bi: Terlingua ta haifi Storm Cat, Weekend Surprise ta haifi A.P. Indy, Secrettame ta haifi Gone West. Buɗe asalin manyan dawakan Amurka na yau, da wuya ka yi nisa ba ka ci karo da ɗaya daga cikin ukun nan ba.