Gilashi, Gumi da Laburaren Jami'a

Ranar Asabar na bar Agege na je duba ɗiyar yayata a jami'ar da take karatu a nan Legas. Ta ce, "Kawu, zo ka ga sabon ɗakin karatunmu." Ginin ya yi kyau, ba ƙarya: gilashi sama da ƙasa, kujeru masu laushi, sanyin esi kamar ka kwanta. Ba mu yi minti goma ba aka ɗauke wuta, janareta kuma shiru. Tagogin ba sa buɗuwa. Kafin ka ce kwabo gumi ya jiƙa kowa, ɗalibai suka kwashi littattafansu suka koma gindin bishiya.

Irin wannan gini daga ƙasashen waje ake kwaikwayo shi, amma ni ba na adawa da haɗa kai da ƙwararrun waje. Wanda ya san tarihi ba zai yi ba. Tun 2002 shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya ya buɗe wa ƙasashe irin namu ƙofar mujallun likitanci da ba za mu iya biyan kuɗinsu ba. Koha, manhajar da laburare da dama ke rajistar littattafai da ita, daga New Zealand ta fito, kuma kyauta ce. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'in ABU da Bayero da Ibadan da Fatakwal, ma'aikatan laburare sun samu horo a cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois a Amurka. Wannan duk alheri ne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, in an je an dawo, hoton gini ake ɗaukowa, a bar tambayoyin da suka haifi ginin. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Can sai an zauna da ɗalibai an ji yadda suke karatu kafin a zana ko bango ɗaya. Nan wa ya tambayi yarinyar da ta sha cunkoson awa biyu a danfo daga Ikorodu, wayarta saura kashi biyar? Soket take nema kafin komai. Sai wurin da su biyar za su yi musu kan darasi ba a ce musu "shiru" ba, da famfo kusa don alwala, da ƙofar da ba a rufewa da magariba lokacin jarrabawa.

Kuma ba wai Turawa ba sa iya sauraro ba ne. Ku je Ibadan ku kalli laburaren Kenneth Dike. Maxwell Fry da Jane Drew, 'yan Ingila, suka zana shi a shekarun 1950, suka yi wa bangon ɓule-ɓule don iska ta ratsa, rana kuma kada ta daki mai karatu kai tsaye. Sun yi lissafin zafinmu. Legas ma ta fi buƙatar irin wannan tunani, don danshin lagun, wato ruwan da ya ratsa garin, kaɗai ya isa ya sa littafi fumfuna a damina.

Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na fitowa, ba a rasa ba. Roƙona, duk baƙon da za a gayyato ya ba da shawara, a kawo shi a watan Maris, a zaunar da shi a ɗakin karatu da tsakar rana, a kashe janareta.