Uwar 'yan mata biyar ba sakara ba ce

A shekarar 1995 tashar BBC ta nuna wasan kwaikwayo mai kashi shida da Andrew Davies ya tsara daga littafin Jane Austen, Pride and Prejudice, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1813. Abin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne ɗan wasa Colin Firth yana tafe da jiƙaƙƙiyar farar riga bayan ya yi iyo a tafki, alhali babu wannan fitowar a littafin, sai kuma dogayen riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji da raye-rayen da ake yi a hasken kyandir.

Ƙorafina a kan wasan shi ne yadda aka mayar da uwar gidan, Misis Bennet, abar dariya. Alison Steadman ta fito da ita mace mai kwakwazo da ƙarajin murya, wadda ba ta da zance sai na aurar da 'ya'yanta ga masu kuɗi. To amma lissafinta daidai yake. Gidan Longbourn da filayensa suna kawo wa mijinta fam 2,000 a shekara, sai dai an gindaya sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gadonsu, don haka ranar da maigida ya cika, ɗan uwansa Mista Collins na da ikon fitar da ita da 'ya'yanta biyar. Wanda ya saba da rabon gadon Musulunci, inda 'ya mace ke da kasonta, zai ji abin banbaraƙwai. Fam 1,000 kacal ke jiran kowace yarinya, shi ma sai bayan ran uwar. Shi kuwa maigidan da wasan ke nunawa a matsayin mai hikima, yana ƙule a ɗakin karatunsa yana yi wa matarsa ba'a, bai tanadar musu komai ba.

Fim ɗin da Joe Wright ya yi daga wannan littafin a 2005 ya fi yi mata adalci. An ga taɓo a bakin riguna, an ga alade yana ratsa gidan, kuma Brenda Blethyn ta nuna uwa ce da fargaba ke hana ta sukuni. Da wannan fargabar a ido ne mai kallo zai gane dalilin da ya sa Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta karɓi auren Collins ɗin da ƙawarta Elizabeth, 'yar Misis Bennet ta biyu, ta ƙi.