Ga masu riƙon yara a sansanin hutu

'Yan uwana matasa da ake damƙa wa ƙannenmu a sansanin hutu, ko IVC ce, wato bitar Musulunci ta lokacin hutu, ta ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, wadda aka saba yi a hutun Disamba, ko zangon 'yan sikawut, ina da magana da ku.

Da yawanmu da zarar an rataya mana usur a wuya sai mu rikiɗe mu zama sojoji. Yaro ya makara sallar asuba, tsallen kwaɗo. Ya ɓarar da miya, kamun kunne a bainar jama'a. Wai tarbiyya muke yi. Alhali laccocin nan kafin wata ya zagayo ya mance rabinsu, amma yadda aka yi da shi ranar da ya ji kunya, wannan har ya yi furfura yana tunawa.

Ɗauki ɗan shekara 10 da bai taɓa kwana nesa da mahaifiyarsa ba. Daren farko ga sanyin hunturu, ga baƙin fuskoki a aji guda an jera tabarmi, sai ya ja bargo ya lulluɓa yana kuka ƙasa-ƙasa. Kewar gida ce, kuma takan lafa da ya yi aboki. Kada ka ce masa "kai ba namiji ba ne?" Zauna kusa da shi, tambaye shi unguwarsu, da safe ka haɗa shi da wani su raba kofunan shayi. Wani kuma fitsarin kwance zai kuɓuce masa. Tashe shi tun kafin kiran salla ya wanke ya shanya a bayan gini, bakinka alaikum. In ka bari aka laƙaba masa amalala, ba zai ƙara ɗaga hannu a taro ba har a watse.

Sannan ku rage yi musu komai. A 1907 da Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a Ingila, zangon da ya haifar da sikawut, 'ya'yan masu hali da na talakawa ya gauraya, ya kasa su gida huɗu, kowane rukuni yaro ne ke jagorantarsa. Mu kuwa ko rigimar bokiti ta tashi a bakin famfo sai mun zo da bulala. In dai ba hannu aka ɗaga ba, tsaya gefe tukuna. Za ka ga wani a cikinsu ya ce a bi layi, wani ya haƙura, wani ya ba da haƙuri, abin da a gida wataƙila kullum uwa ke yi musu.

Ku fasa ƙungiyar 'yan gari ɗaya wajen rabon ɗaki, ko da za su yi ƙunƙuni. Lokacin cin abinci kuma kada ku haɗa kai a inuwa kuna danna waya. Ku zaga. Yaron da ya ɗauki kwanonsa ya koma lungu shi kaɗai kwana biyu a jere, ku nemi sanin dalili a ranar, kada ku jira sai ranar rufewa.