Kafin ka tura CV ɗinka a Saudiyya

Ƙannena masu neman aiki a Jidda da Riyad da Makka da Madina, ku yi haƙuri da ni, amma yawancin CV ɗin da kuke turawa ba a kaiwa layi na biyar ake rufe su. Ba don ba ku iya aiki ba. Kun cika saman takarda da "ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana", kun bar abin da mai ɗaukar ma'aikata ya buɗe ta domin ya gani.

A ƙasar nan, kafin ya damu da digirinka, abin da ke ransa shi ne ko doka za ta bar shi ya ɗauke ka. Saboda haka ƙarƙashin sunanka da lambar waya mai +966, faɗi ƙasarka da garin da kake zaune, sannan halin da igamarka, wato takardar izinin zama, take ciki: ko tana da sauran wa'adi, wace sana'a aka rubuta a kanta, ko za a iya maido da kafalarka wurinsa ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago. In kana ƙarƙashin igamar mahaifinka ko ta mijinki, a rubuta haka nan. Wanda kuwa yake ɗan ƙasa ne, ya sa wannan a layin farko, domin tun 2011 tsarin Nitaƙat yake auna kamfanoni da yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka. Amma lambar igama da ta fasfo ba a sa su a takardar da za ta yi yawo a WhatsApp. Mai bizar Umara ko ta ziyara, babu CV ɗin da zai halatta masa aiki. Kuma a duba ko sana'ar a buɗe take ga baƙi; sayar da wayar hannu da gyaranta, alal misali, tun 2016 aka keɓe su ga 'yan ƙasa.

Sai suna. Muhammadu a takardar sakandare, Mohammed a fasfo, Muhammad a CV: a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin mai tantance takardu kuwa mutum uku ne. Kwafi abin da ke fasfo harafi da harafi. Ma'aikatan lafiya sun fi kowa shan wahalar wannan, tunda sai kamfanin tantance takardu na DataFlow ya tuntuɓi makarantar da ta ba su shaida kafin hukumar ƙwararrun lafiya ta yi musu rajista. Injiniya ya nuna rajistarsa da majalisar injiniyoyi ta Saudiyya, akanta ya nuna tasa da SOCPA, hukumar akantoci ta Saudiyya. In ba a kammala ba, a faɗi matakin da ake.

Wurin ayyukan da ka taɓa yi ne ake yawan yin kasala. Fara da na ƙarshe, ka koma baya. Kowanne da sunan wurin, da muƙami, da wata da shekara, duk a lissafin Miladiyya. Cakuɗa shi da Hijiriyya yana sa a ga giɓin da babu shi. "Na yi aiki a sito" bai faɗi komai ba. Rubuta cewa kai ke karɓar kaya da fitar da su, kana shigar da lissafi a Excel, kuma mutum nawa ke ƙarƙashinka. Direba ya faɗi irin lasisinsa, na ƙaramar mota ne ko na babba, na Saudiyya ne ko na gida. Duk inda ka bari, ka karɓi takardar shaidar aiki: sashe na 64 na dokar ƙwadago ya wajabta a ba ka ita kyauta in ka nema. Ƙarin gishiri kuma a bar shi, don sashe na 80 ya ba kamfani damar korar wanda ya samu aiki da takardar jabu, ba tare da kuɗin sallama ba.

Kada kunya ta hana ka rubuta Hausa cikin harsunan da kake ji. Otal-otal da kamfanonin hidimar alhazai a Makka da Madina suna karɓar mahajjatan Najeriya da Nijar, mai iya yi musu tafinta yana da daraja. Larabcin ma a bambance: na kasuwa kawai ka iya, ko za ka iya rubuta wasiƙar ofis?

Shafi ɗaya ya isa, biyu ga mai doguwar gogewa. Ka tanadi ɗaya da Larabci, ɗaya da Turanci, ka ba wanda ya ƙware ya duba. Fassarar na'ura tana tona asiri. Tura ta a PDF mai sunanka, ba hoton takarda da ka ɗauka a kan darduma ba. Manyan kamfanoni kwamfuta ce ke fara tace musu takardu, ita kuwa ado da akwatuna suna rikita ta, kalmomin da ke cikin tallar aikin take nema. Don haka kowace talla a shafukan neman aiki irin su LinkedIn ko Bayt, ka gyara mata CV ɗin ta dace da ita.

Wanda ya amsa maka ya ce sai ka biya kuɗin igama ko na izinin aiki tukuna, kada ka tura masa ko riyal ɗaya. Sashe na 40 ya ɗora waɗannan kuɗaɗe a kan mai ɗaukar aiki ne.